Ƙyallen da Baba Bature Ya Shanya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ga shi kuma Baba Bature ya riga mu tafiya. Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni, ina tsinke alayyafo a kicin. Baban Ummi ne ya bugo waya daga jami'ar da yake koyarwa, abin da ba ya yi sai in ya manta kwanon abincinsa. Ya ce, "Maman Ummi, sai haƙuri, tsohon maƙwabcinmu ya cika." Na yi salati, na yi masa addu'a kamar yadda ake yi. Da na ajiye wayar kuwa, idona bai sauka ko'ina ba sai kan durowar da ke ƙarƙashin murhu. Zan zo kan maganar durowar nan, don ita ce ta sa na ɗauki biro, ni da ban wuce aji shida na firamare ba.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin Italiya ne, dogon tsoho mai farin gashi har wuya. Ƙofarsa na jikin tamu a hawa na tara a nan unguwar Taman Melati ta ƙasar Malay, barandarsa da tamu ɗan guntun gini ne ya raba. Ya auri 'yar Malay tun yana da ƙarfinsa, ya musulunta, da ya ajiye aiki suka dawo garinta. Ta rasu ta bar shi, ya ƙi komawa ƙasarsu saboda kabarinta. 'Yarsa tilo tana can Italiya da aurenta. Shekara shida muka yi maƙwabtaka, sannan aka kai shi gidan kula da tsofaffi, a can ya yi shekararsa ta ƙarshe. Innata ce ta raɗa masa Baba Bature, ya bi shi har masu gadi.

'Yar ta zo, aka yi jana'iza, ta buɗe tsohon gidansa aka yi zaman makoki. Matan Malay na unguwa suka zo suka karanta Yasin. Mai shagon mamak na ƙasan bene, Ba'indiyen da ke sayar da shayi da roti, irin gurasarsu, ya hau da kansa ɗauke da tulun shayi, yana share ido da bayan hannu. Ya ce duk shekarun nan teburi ɗaya tsohon yake zama, wanda ya fi kowanne nisa da fanka, wai a nan ne rana ke faɗo wa kofi daidai.

Sai ga wasu 'yan Najeriya su uku daga unguwar Bukit Jalil, masu karatun haɗa fim, a waya suka ga sanarwar. Macen cikinsu ta jawo ni gefe.

"Anti, don Allah da gaske a nan yake zaune? Jikin ƙofarki?"

Na ce, "Har gishiri yana aro."

"Anti, aikin mutumin nan ake koya mana a aji. Malaminmu in ya zo kan sunansa har tabarau yake cirewa."

"Ni dai na san ba ya iya cin yaji."

Ta dube ni kamar ta kama ni ina naɗe ƙosai a takardar digiri. Ba ta san ta kusa gaskiya ba.

Akwai kuma wani tsoho ɗan ƙasarsu da ya biyo 'yar, wai shekara da shekaru shi ke riƙe masa fitila a wurin aiki. Ɗaliban suka kewaye shi suna tambayar sirrin Baba, yadda fuska ke fitowa a finafinansa kamar a taɓa. Da Turanci yake ba su amsa, a hankali, har ni ina tsintar abin da yake faɗa. Ya ce babu wani sirri sai wani tsohon farin ƙyalle da yake tare haske da shi, duk ƙasar da suka je yana cikin jakarsa. Ya juya ya tambayi 'yar ina ƙyallen yake. Ta sunkuyar da kai, ta ce a kan ƙyallen nan ne suka fara gane kan babanta ya taɓu. Na ɗauki tiren kofuna na fice, kamar wanke-wanke ne ya kira ni.

Bari dai in fara da shi kansa, kada laifina ya rufe alherinsa.

Turancina na kasuwa ne, Malayancinsa ya fi nawa, da su muke haɗawa mu yi hira, hannu ya cika sauran. Abin da zan kawo daga bakinsa na juya shi ne zuwa Hausa yadda kunnena ya riƙe, kuma kunnena ba ya yar da magana. Ni a sanina mai ɗaukar hoto ne da ya tsufa, irin masu shago a bakin kasuwa. Ya taɓa gaya mini aikinsa ban ɗauke shi da girma ba. Ya ce a fim akwai masu fitowa, akwai mai ba da umarni, shi kuwa nasa shi ne ya ce ga inda kyamara za ta tsaya, ga ta inda haske zai shigo, ga inda za a bar duhu ya huta. Na ce, "Wato kai ne mai girkin gidan biki. Amarya ake kallo, amma in shinkafa ta caɓe kai za a zaga." Ya yi dariya har da tari, ya ce duk 'yan jaridar da suka yi hira da shi babu wanda ya faɗe shi daidai haka.

Da shara ya fara, in ji shi, yana saurayi, a babban ɗakin da ake shirya finafinai a ƙasarsu. Daga shara zuwa jan wayar wuta, daga nan zuwa riƙon fitila, har aka ba shi kyamara. Sai bayan rasuwarsa, da Baban Ummi ya zauna yana karanta mini abin da jaridu suka rubuta yana fassarawa, na ji ashe manyan masu shirya fim na ƙasashe layi suke bi su same shi, wani ya ɗage aikinsa wata da watanni don jiran ya gama na wani. Labari ɗaya cikin abin da aka rubuta na riga na sani daga bakinsa. Ya taɓa tsayar da ayarin ma'aikata kwana huɗu a bakin teku yana jiran wani gajimare, har mai ba da umarnin ya cire takalmi ya jefe shi. A rana ta biyar gajimaren ya zo, suka ɗauka cikin abin da bai kai dahuwar ƙwai ba. Wai wurin nan ne ake nuna wa ɗalibai har yau. Da na ce masa ai da ni ce da na kore shi, ya ce, "'Yata, rana ba a yi mata tsawa."

A falonsa akwai wasu ƙarafa masu nauyi masu ruwan zinariya, kambunan da aka ba shi. Ɗaya yana tare ƙofar baranda da shi kada iska ta buga ta. Ɗaya kuma ni na taɓa ara na fasa kwakwa. Da kansa ya zaɓo mini, ya ce wannan ya fi gindi mai kyau.

Ɗabi'arsa da kowa ya sani ita ce juya hannu. Duk inda ya shiga, kafin ya zauna, sai ya miƙa tafinsa ya juya shi a hankali yana duba yadda haske ke kwanciya a kai. A lif yana yi, a masallaci yana yi, har Ummi ta ɗauka wata irin addu'a ce ta Italiyawa. Ga kuma fito. Ba ya shanya, ba ya wanke kofi sai da fito, waƙa ɗaya tal, kullum ita.

Mun yi faɗa sau ɗaya, a kan labule. Ya shigo gaishe da Baban Ummi ya tarar da labulayenmu a rufe ruf da rana tsaka, ga doguwar farar fitila a kunne. Ya juya hannu, ya ɓata rai, ya ce wa maigidan fitilar nan ta mayar da matarsa kamar mai jinya. Na ce daga kicin, "Baba, mu matan aure ne, labule sutura ne. Benen can na gaba duk 'yan makaranta ne maza." Ya ce Allah ya aiko rana tun daga nesa kyauta, na bar ta a waje kamar mai tallar da ba a so. Na ce in tana da kunya ta yi sallama. Kwana biyu ban kai masa ƙosai ba. A na uku ya zo da igiya da ƙusa, ya sa Baban Ummi ya hau kujera, suka sauke labulen da kamar taƙi ɗaya daga sama. Haske ya shigo ta saman ya bugi silin ya sauko, ido kuwa babu ta inda zai shigo. Ya ce, "Ga suturarki, ga ranata." Har yau haka labulen yake.

Alherinsa da ba zan iya biya ba, na Inna ne. Ta zo mini wankan jego da na haifi Ummi, mai sunanta. Inna baƙa ce wuluk, kuma ta tsani hoto, ta ce duk wanda aka yi mata sai haƙora da ido kamar kyanwa a ƙarƙashin gado. Da aka fassara wa Baba sai ya riƙe kai. Ya ce ba laifin fatarta ba ne, laifin masu ɗauka ne. "Haske ba a watsa wa mutum shi kamar ruwan wanka," in ji shi, "miƙa masa ake yi kamar ruwan sha." Babu yaren da ya haɗa su, amma kullum suna baranda, ita tana yi masa faɗan fito da Hausa, wai yana kira mana aljanu, shi yana amsa mata da "sannu da aiki", abin da ya iya ke nan. Kwana tara yana jiran yammacin da yake so. Ranar da ruwa ya ɗauke da la'asar ya buga ƙofa da sauri, ya zaunar da ita kusa da tagarsa. Ni ina ɗaki da jaririya, ban ga yadda aka yi ba. Da hoton ya fito, ga zanen fuskarta ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan murmushin da take yi in ta ci mutum gyara. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka nake." Shekara na zagayowa ta rasu a Kano. Duk 'yan'uwana wannan hoton suka wanke suka rataye, babu wani.

To, ga maganar durowa.

Azumin da ya wuce wancan ne. Ƙyallen da nake tace ƙullun koko da shi ya yage, na zaga kasuwar Chow Kit ban sami mai laushin da nake so ba, ga gero na jiƙa. Da azahar na ji Baba a barandarsa yana fito, na ji ƙarar igiyar shanyarsa, na ji ya koma ciki. Can hadari ya taso da iskar nan da ke zuwa kafin ruwa. Da na fita kwashe kayana sai na tarar da wani farin yadi ya naɗe a jikin ƙarfen barandata, da maƙalan shanya biyu shuɗɗa a gefensa. Tsoho ne, ya yi ruwan madara, har da faci a kusurwa. Na murza shi a yatsa, santsi kamar ruwa. Raina ya gaya mini daga ina ya fito, na ce wa raina ai tsumma ne, tsoho da ke zaune shi kaɗai me zai yi da shi. Ya yi mini girma, na sa almakashi na raba shi biyu. Rabi na tace ƙulluna, rabi na aika wa ƙawata Maman 'yan biyu a benen gaba, don ita ma tana kuka da nata. Gasarar da ta kwanta ranar ban taɓa samun irinta ba.

Ana saura kaɗan a sha ruwa aka buga ƙofa. Baban Ummi na falo da baƙi abokan aikinsa, ni na leƙa, hannuna duk ƙullu. Baba ne, ko takalmi babu.

"'Yata, iska ba ta kawo miki wani farin ƙyalle ba? Na wanke shi na shanya."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba. Ya ce silikin lemar saukar sojoji ne da aka yar a gonarsu lokacin yaƙi, uwarsa ta yanka ta yi labulen ƙofar kicin saboda ƙuda. Ta cikinsa ya fara ganin fuskar uwarsa da rana, tun bai san sunan abin da yake gani ba. Duk fim ɗin da ya yi, sai da haske ya ratsa ta cikinsa kafin ya taɓa fuskar mutum. "Har Innarki," in ji shi, "da shi na yi mata."

Rabin na nan bayan ƙofa, a cikin roba, jiƙe da dusar gero. Baƙi suna sauraro. Na ɓoye hannuna a cikin hijabi na ce, "Ban gani ba, Baba."

Mutumin da ya zaɓo mini kambunsa in fasa kwakwa, shi na ji tsoron gaya wa gaskiya. Na ce gobe in babu baƙi zan faɗa. Gobe ta zo na ce sai na karɓo rabin na ɗinke. Kunyar karɓowa ta hana ni, don sai na faɗa wa ƙawata dalili. Bayan Sallah mijinta ya gama karatu suka koma Gusau da rabin a cikin kayan kicin. Baban Ummi kuwa, wanda shi ya riƙe ƙyallen ranar hoton Inna kuma da ya gani zai gane, ba ya shiga kicin.

Baba bai zargi kowa ba. Ya ce iska ce, kuma iska ƙasa take kai abu. Ya fara bin ƙofofi daga hawa na takwas yana sauka, da azumi a bakinsa, yana kwatanta faɗin ƙyallen da hannu. Wasu gidajen sau biyu ya je don ya manta ya riga ya je, ko kuma don bai yarda ba. Ya tona kwandunan shara. Ya liƙa takarda a lif. Unguwa ta fara magana, a walimar matanmu ma aka sa masa Baturen ƙyalle, wata ta kwaikwayi yadda yake buɗe hannu, aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ga ban yi ba. Ina jinsa ta bango yana jan durowa yana rufewa, fiton ya ɗauke.

A matakalar hawa na uku ya faɗi, ƙugunsa ya karye. 'Yarsa ta taso daga Italiya. Ba zan ce ƙyallen kaɗai ne ya kai shi gidan tsofaffi ba, don ya taɓa barin tukunya a wuta, ƙafar ma ba ta koma daidai ba. Amma na ji su ta bango, da Malayanci take yi masa in ta gaji, tana cewa babu wani ƙyalle da ya shanya, tun shekarun baya ya bayar da kayan aikinsa gidan tarihi, ya haɗa da shi ya manta. Yana cewa ya shanya. Tana cewa bai shanya ba. Ina tsaye a kicin da ludayi a hannu, taku goma tsakanina da ƙofarsu.

Sau ɗaya na bi Baban Ummi na je duba shi a can. Na dama koko da gasarar da na tace da ƙyallensa, na zuba a fulas, na ce yau ko me za a yi sai na faɗa. Ɗakinsa tsaf, ana kula da shi, sai dai tagar bango take kallo. Na ga ya miƙa hannu ya juya, ya mayar kan cinya. Ya kurɓi kokon ya lumshe ido.

"Wannan ya fi na da laushi. Me kika canza?"

Na ce, "Geron ne mai kyau."

Da Baban Ummi ya fita sallar la'asar, Baba ya matso da kekensa, ya rage murya.

"'Yata, ke kullum kina gida, kuma kunnenki ko allura ta faɗi a gidana kina ji. Ranar nan, kin ji ni ina shanya? Ina ganin kamar da maƙalai biyu shuɗɗa. Ba ƙyallen nake nema ba yanzu. So nake in san ko kaina ne."

Ga ƙofa ya buɗe mini har bango. Ko cewa na yi na ji fitonsa, ban ƙara komai ba, da ya wadatar da shi. Amma in na ce na ji shanya, sai a ce to ina ya tafi. Na dubi fulas ɗin na ce, "Wallahi an daɗe, Baba, ban riƙe ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To. Ita ce da gaskiya ke nan." Ya shanye kokon, ya ce mini sannu da aiki.

Ban sake komawa ba. In Baban Ummi zai je sai in ce Ummi na da mura, ko girki ya riƙe ni. Rabin ƙyallen na wanke na tura ƙarshen durowa da maƙalan biyu, ban ƙara tata da shi ba, ban kuma iya zubarwa ba.

Rana ta uku da rasuwar, da la'asar, bayan mutane sun watse, na fito da shi na fara nuna wa Baban Ummi. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya da wannan?" Ya ce zai raka ni, na ce ni kaɗai na yi, ni kaɗai zan je.

Na tarar da 'yar tana naɗe kambunan a jarida. Na durƙusa na ajiye ƙyallen da maƙalan a gabanta, na faɗi komai, tun daga iska har koko. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ɗauki maƙali ɗaya tana matsawa yana buɗewa.

Ta ce, "Na kai shi wurin likita a kan wannan. A gabansa na ce wa likitan babana yana ƙirƙirar abin da bai faru ba. Ya juyo ya dube ni."

Na ce, "Ki yafe mini."

Kamar ba ta ji ba, ta ce, "Ina rabin?"

"Yana Najeriya, wani gari Gusau. Zan sa a aiko."

"Me ake yi da shi?"

"Tatar koko."

Ta miƙe ta je taga, ta ɗaga shi da hannu biyu. Gero ya rina shi, hasken da ya ratso ya faɗo mata a fuska ja-ja kamar zuma. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce a bar wancan inda yake, kakarta ma a kicin ta rataye shi. Na ɗauka yafiyar ke nan, na fara godiya, ta tare ni da kiran da Malay ke yi wa yaya mace.

"Ban ce na yafe ba, Kakak, ban san ko zan iya ba tukuna. Nawa laifin ma ban san inda zan kai shi ba. Amma babana ya buga kowace ƙofa a benen nan, kuma duk sun rufe suna cewa tsohon ya zare. Gata zan tafi. Su suna nan."

Ni da ko ƙasan bene ba na sauka sai da dalili, washegari na sa hijabi na ari ƙyallen na fara daga hawa na takwas. Yammaci biyu na yi. A kowace ƙofa, da guntun Malayancina, na ce tsohon Baturen nan da ya zo neman ƙyalle, ga shi, da gaske ya shanya, ni na ɗauka na ɓoye. Wasu sababbin zuwa ne, ba su san shi ba, suka dube ni kamar ni ce na zare. Wata tsohuwa 'yar Sin a hawa na biyar ta ce sau biyu ya zo mata, na biyun ba ta buɗe ba, tana kallonsa ta ramin ƙofa. Ta taɓa ƙyallen, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wani abu da yarensu wanda ban nemi fassararsa ba. A matakalar hawa na uku, inda ya faɗi, na zauna na huta.

Saura ku, matan walima, da duk wanda labarin Baturen ƙyalle ya kai wa har gida Najeriya, don na san ya je. Ƙofofinku sun yi mini nisa, shi ya sa na rubuta. Aikinsa masu ilimi sun rubuta, za su ƙara, ba su bukatar bakina. Abin da ya roƙa a wurina ƙarami ne, kuma ni kaɗai ke da shi a duniya.

Allah ya jiƙan Baba Bature, ya haɗa shi da matarsa da uwarsa, ya buɗe masa taga a kabarinsa wadda ba bango take kallo ba. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni. Ana cewa shaidar mutane ita ke bin mamaci, to ga tawa, ko da ta makara. Da azahar ne, kafin hadari. Na ji ƙarar igiyarsa, na ji fitonsa, waƙar nan tasa guda ɗaya. Maƙalan biyu ne, kuma shuɗɗa ne. Ka shanya, Baba. Kanka ƙalau yake.